Daga Wane Rumbu, Maigida?

Ranar Lahadi, goma sha bakwai ga watan Nuwamba, da ƙarfe goma saura kwata na safe, aka zalunci wata 'yar'uwarmu a cikin wannan majami'a, a gaban mutum fiye da ɗari huɗu. Na san lokacin domin na dubi agogona. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa rubuta laifin yaro a littafi ba sai da rana da lokaci. Yau mako goma sha ɗaya ke nan, ba a gyara ba.

An ba ni darasin ajin manya na wannan Lahadi, aka ce in yi magana a kan biyayya. To, a kan biyayya zan yi magana. Ku saurari wannan misali.

Akwai wani mutum mai rumbuna bakwai a bayan gidansa. Shida suna cike da hatsin ci, gero da dawa da masara. Na bakwai kuwa irin shuka ne a ciki, wanda aka yayyafa wa maganin ƙwari domin ya kai damina. A ido ba shi da bambanci da sauran, amma duk wanda ya ci shi zai kwanta ciwo.

Mutumin nan ya saba da irin maganar manya, ba ya ƙarasa umarni. In ya ce, "A kawo," sai mutanen gidansa su dubi fuskarsa, su dubi juna, su yi ta kai da kawowa har wani ya dace da abin da yake nufi. Ba mai ce masa, "Me za a kawo?" gama a gidan ana ganin tambayar babba rashin kunya ce. Da aka daɗe a haka, sai ya ɗauka maganarsa cikakkiya take fita daga bakinsa.

Wata gwauruwa ce take lura masa da rumbunan. A ƙarƙashinta akwai wani bara, baƙo daga ƙasa mai nisa, wanda aikinsa ɗaurin kaya ne. Ba ya gajiya, ba ya sata, ba ya gunaguni. Hali ɗaya gare shi, ba ya aiki da zato. Sai an faɗa masa abu uku kafin ya motsa: abin da zai yi, da alamar da zai sa wa buhu, da rumbun da zai ɗebo. Gwauruwar ta san halinsa, kullum takan faɗa masa ukun, shi kuma yakan cika buhu ya ɗinke, ba a taɓa samun kuskure ba.

Ana nan sai mahaifiyar gwauruwar ta rasu, ana saura kwana uku maigidan ya yi babban biki. Kafin ta kama hanya ta durƙusa a gabansa ta ce, "Maigida, in za ka aiki baran nan, ka faɗa masa abu uku." Ta lissafa masa su. Ya ce, "Na ji, Allah ya kiyaye hanya."

Ranar biki da safe baƙi suka cika ƙofar gida. Maigidan ya kira baran ya ce, "Ɗaura buhu, ka sa masa alamar biki."

Baran ya ce, "Daga wane rumbu, maigida?"

Maigidan bai saurara ba, gama hankalinsa yana wurin baƙi. Da ya juyo ya ga buhu wayam, sai ya maimaita umarnin da ƙarfi. Baran ya ce, "Daga wane rumbu, maigida?" Ya sāke maimaitawa, da tsawa, sa'an nan da lallashi, sa'an nan da tsawa kuma. Kowane karo amsar ɗaya ce, da murya ɗaya, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Rana ta take, ba a ɗora tukunya ba.

Kunya ta kama maigidan. Ya fita wurin baƙinsa ya ce, "Ku yi haƙuri. Matar da na amince wa ta zuga barana ta tafi, domin in san ba na iya kome sai da ita." Baƙin suka kaɗa kai, suka ce lalle girman kai mugun abu ne, suka watse da labarin zuwa garuruwansu.

Bayan kwana bakwai gwauruwar ta komo daga makoki. Ba wanda ya tarye ta. An karɓe mabuɗan rumbu daga hannunta. A bakin rijiya, in ta iso sai mata su ja tulunansu gefe. Takan zauna a inuwar rumbu na bakwai da hantsi, ita kaɗai, tana tsince wake a faifai, ba mai ce mata ya haƙuri.

Akwai wani tsoho a gidan wanda ba ya iya aikin gona kuma. Shi ne ya je wurin baran ya ce, "Ran nan me ka ce wa maigida?" Baran ya ce, "Na ce daga wane rumbu. Ba wanda ya tambaye ni sai kai." Tsohon ya ce, "Me ya hana ka ɗebo daga kowanne?" Baran ya nuna rumbu na bakwai.

Tsohon ya kai wa maigidan wannan magana. Maigidan ya ce, "Abin ya wuce, a bar shi." Da la'asar ya aika wa gwauruwar ƙwaryar gero ta ƙofar baya. Ƙwaryar tana nan a bakin ɗakinta har yau, ba ta taɓa ba, kaji ne suke ci.

Misalin ke nan. Ma'anarsa kuwa ga ta, kuma ba zan ɓoye sunaye ba, domin ba a ɓoye sunanta ba ranar da aka ɓata shi.

Gwauruwar ita ce Keziya Mantau. Sababbin zuwa ba su san ta ba, domin yanzu a benci na ƙarshe take zama, kusa da ƙofa, ta fita kafin a gama addu'ar sallama. Ni na koya mata karatu a aji uku. Ta yi karatun kwamfuta, mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce, ba su sami haihuwa ba, daga ita sai mahaifiyarta a gida. Ita ce ta haɗa mana manhajar da take haska waƙoƙi a bango, wadda ƙananan ikkilisiyoyinmu goma sha huɗu na ƙauyuka su ma suke amfani da ita.

Baran shi ne na'urar da take ofishin majami'a. Buhun kuwa, masu wannan sana'a kwantena suke ce masa, kamar wadda tirela take ɗaukowa. Ana tattara manhaja da duk abin da take bukata a rufe wuri ɗaya, domin duk kwamfutar da aka kai ta ta yi aiki ba sai an nemo wani abu ba. In an ƙara sababbin waƙoƙi, dole a sāke gina kwantenar, daga ita kuma ake kwafa wa ƙauyuka. Ana gina ta ne da umarni layi ɗaya, wanda ake rubutawa a wani baƙin allo a cikin na'urar. Umarnin kashi uku ne: a gina, ga sunan da za a sa mata, ga wurin da kayan suke.

Maigidan shi ne magatakardan wannan ikkilisiya, Dattijo Barnaba Arzika. Shi ma ɗalibina ne, a aji biyar. Yana da kyawun rubutu tun yana yaro, kuma tun yana yaro ba ya karanta tambaya har ƙarshe.

Mahaifiyar Keziya ta rasu ranar Alhamis, sha huɗu ga wata. Ranar Jumma'a da safe, gawa tana cikin mota, Keziya ta tsaya a ƙofar ofis ta rubuta umarnin a takarda, ta ja layi a ƙarƙashin kowane kashi, ta ba magatakarda, domin mawaƙa ba su kawo sababbin waƙoƙin godiyar kaka ba sai Asabar. Ranar Lahadi da safe ya zauna gaban na'ura, ta ƙi ginawa. Baƙi daga ƙauyuka sun cika benci, bango fari fat. Da lokacin sanarwa ya yi, ya ɗauki makirufo ya ce, na kuwa rubuta a bayan takardar waƙa: "Wadda muka amince wa ta kulle na'urar ta tafi, don mu san ba ma iya kome sai da ita. Allah ya raba mu da girman kai." Kuka ce amin. Sanarwar rasuwar mahaifiyarta ita ce ta tara a takardarsa, ya karanta ta bayan sanarwar gyaran rijiya.

Al'adarmu ce in an yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, zumuntar mata ta cika mota a tafi gaisuwa. Wannan karo mutum huɗu suka je. Da ta komo aka karɓe mabuɗin ofis daga hannunta.

Tsohon da ba ya iya aikin gona, ni ne. Mako biyu na yi ban je gidanta ba, kuma wannan laifina ne, zan komo kansa. Da na je, na tarar da ita a tsakar gida tana ninke zannuwan mahaifiyarta tana sa wa a akwati. Kujeru shida ta jera a inuwa domin masu zuwa gaisuwa, ƙura ta kwanta a kan biyar.

Na ce, "Keziya, ni malaminki ne, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kin kulle na'urar?"

Ta ce, "Baba Malam, kai ne na fari da ya tambaya."

"To ba ni amsa."

"Ban kulle ba. Amma kada ka ɗauki maganata. Na'ura ba ta mantuwa. Ka buɗe baƙin allon, ka danna kibiyar da take kallon sama, duk abin da aka rubuta mata zai fito ɗaya bayan ɗaya. Ka sāke ba ta, ka karanta abin da za ta ce."

Na ce, "Ni da ko rediyona sai an kama mini tasha?"

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Baba, karatu ne kawai. Kai ka koya mana."

Ina da mabuɗin ofis, domin kabad ɗin allin makarantar Lahadi yana ciki. Ranar Talata, goma ga Disamba, da hantsi, na shiga ni kaɗai da tabarau da ƙamus da littafin rubutu. Na danna kibiyar. Sau goma sha ɗaya magatakarda ya ba na'urar umarni a safiyar nan, na kwafe su duka, na sāke ba ta kowanne yadda ya ba ta, na rubuta amsarta a gefe.

Takwas na fari iri ɗaya ne, ba bambancin ko harafi: a gina, ga suna. Babu kashi na uku. Amsar na'urar da Turanci take, layi biyu, wanda ɗan aji shida zai iya karantawa. Cewa take yi wannan umarni yana bukatar a faɗi wuri guda ɗaya, ba a kuwa faɗa ba, har ta nuna yadda ake jera shi. A karo na tara ya ƙara kalmar roƙo a ƙarshe, irin wadda ake yi wa mutum. Na'urar ta ɗauka sunan wurin ke nan, ta nema, ta ce babu wuri mai wannan suna. A na goma ya ƙara kalmomi biyu na gaggawa, ta ce wuri ɗaya ta nema, an ba ta biyu. A na sha ɗaya ya koma na fari. Babu kulle, babu kalmar sirri, babu hannun Keziya a ko'ina. Sau goma sha ɗaya tana tambaya daga wane rumbu, ba wanda ya sunkuya ya karanta.

Takardar Keziya na same ta a cikin littafin taron dattawa, da layukanta uku. Na rubuta umarnin yadda ta rubuta, har da wurin. Na dubi agogo. Minti huɗu da daƙiƙa goma, kwantena ta ginu, waƙoƙin godiyar kaka suka fito a bangon ofis. Na zauna ina kallonsu, ba kowa a ginin sai ni da tantabarun da suke cikin rufi.

Kun san ƙa'idar da aka koya mana tun muna yara a kan ɗan'uwan da ya yi laifi, kuma na bi ta daki-daki. Na je wurin magatakarda ni kaɗai, na buɗe masa littafina.

Ya ce, "Baba Malam, har yanzu jan biro bai ƙare ba?"

Na ce, "Barnaba, me ya sa ka bar kashi na uku?"

Ya ce, "Haba Baba. Na'urar nan shekara shida tana ofishin nan. Sai na gaya mata inda kayan coci suke? Ko mai shara ya sani."

"Mai shara yana jin nauyinka, shi ya sa yake cika maka magana. Ita ba ta jin nauyin kowa."

Ya yi dariya ya ce, "To ai sai mu sa ta a ajin baftisma ta koyi ladabi." Da ya ga ban yi dariya ba, ya ce, "Baba, abin ya wuce. In na tashi a gaban jama'a na ce ni ne, wa zai ƙara jin maganata?"

Na koma da shaidu biyu daga cikin dattawa. Suka duba littafina, suka yarda gaskiya ne, sa'an nan suka ce a rufa wa dattijo asiri domin zaman lafiyar ikkilisiya. Washegari matar Barnaba ta kai wa Keziya doya biyar da turmin atamfa, ta ce, "Maigida ya ce a yi haƙuri da abin da ya faru." Ƙwaryar geron ke nan ta ƙofar baya. Saura mataki na uku, shi ne a faɗa wa ikkilisiya. Shi nake yi yanzu.

Wani zai ce, me ya hana na'urar ta yi zato kamar yadda mu muke yi? Ku tuna da rumbu na bakwai. A cikin wannan na'ura, kusa da wurin waƙoƙi, akwai wurin da fasto yake ajiye abin da kuke faɗa masa a asirce: wadda aurenta yake rawa, da wanda aka sa a horo, da wanda likita ya gaya wa abin da bai gaya wa 'ya'yansa ba tukuna. Da na'urar ta yi irin biyayyarmu, ta ga babba ya ɓata rai ta ɗebo abin da ya fi kusa, da an ɗinke asirinku a kwantena an raba wa ƙauyuka goma sha huɗu. Tambayar da ta ba dattijo haushi ita ce ta rufa muku asiri. Biyayya ta gaskiya takan tsaya ta yi tambaya. Wadda take gudu da ido rufe domin kada babba ya ji kunya, tsoro ne, ba biyayya ba.

Yanzu kowa ya dubi gidansa. Maza, sau nawa kuka ce "a kawo" kuka bar matanku suna karanta fuskarku, in sun dace ba godiya, in sun kuskure ku ce ba su da hankali? Iyaye, sau nawa yaro ya ce "wanne?" kuka ce kada ya mayar muku da magana? Kowannenmu yana da wani a ƙarƙashinsa wanda yake ƙarasa masa maganarsa a ɓoye, shekara da shekaru. Ranar da wannan mutum ba ya nan, ranar za ka ji yadda maganarka take da gaske. In aiki ya tsaya, kafin ka nemi wanda za ka ɗora wa, ka sunkuya ka karanta abin da ake ce maka. Sau da yawa amsar tana gabanka, layi biyu. Ubangiji ba ya hukunta mutum sai ya tambaye shi, ko da yake ya san amsar. Mu da ba mu san kome ba, mun ce amin a kan mace tana bakin kabarin mahaifiyarta.

Na ce zan komo kan laifina. Ranar nan ban ce amin ba, amma ban tashi ba. Na dubi agogo, na rubuta, na yi shiru. Tun da matata ta rasu na san yadda tsakar gida take in ba mai sallama, duk da haka na bar Keziya mako biyu da kujerunta shida.

Ranar Laraba da ta wuce ta kai wa fasto roƙon takardar canjin ikkilisiya. Ta ce mini, "Baba, ba fushi nake yi ba. Na gaji da shiga ina neman inda zan ajiye idona." Fasto zai sa hannu a ƙarshen wannan wata. A nan aka yi mata baftisma, a nan aka ɗaura mata aure, a nan aka yi wa mijinta sujadar jana'iza. In ta tafi, da sunan da muka sa mata za ta tafi, kuma ƙauyuka goma sha huɗu da shi suka san ta.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Lahadi mai zuwa, da ƙarfe goma saura kwata, a wannan makirufo, Dattijo Barnaba Arzika ya tashi ya nemi gafara a gaban ikkilisiya, ta zama sanarwa ta fari, ba ta tara ba. Ba na so in ji "in an ɓata wa wani rai, a yi haƙuri." Wannan ma rabin magana ce, an bar wa jama'a su ƙarasa. Ya faɗi abu uku: abin da ya ce ba gaskiya ba ne, Keziya Mantau ya yi wa, kuskuren kuwa daga hannunsa ya fito. A rubuta haka a aika wa ƙauyuka goma sha huɗu, a karanta a gaban jama'arsu. A mayar mata da mabuɗinta a hannu, ana gani. Sa'an nan duk wanda ya ce amin ranar sha bakwai ga Nuwamba ya miƙe tsaye ya juya ya fuskanci benci na ƙarshe. Ni zan riga kowa miƙewa, ko da gwiwata ba ta so.

Barnaba, na ba ka mako guda, kuma na faɗa maka abin da za ka yi, da sunan, da wurin. Zan zo da agogona.